Wai da gaske akwai sinadarin maye a bagaruwa, gawo da dakwara?

Ɗan Majemi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi mini haƙuri, tambayar tawa za ta ɗan yi tsawo, don kwana uku ke nan abin yana cin raina, ko barcin kirki ban samu ba.

Ni ɗan gidan jima ne. Kakana majemi ne, mahaifina ma a majema ya ƙare rayuwarsa, Allah ya jiƙansu. Ni da ƙirjina ya kasa ɗaukar warin fata da toka sai na koma kasuwa, na kama rumfa ina sayar da bagaruwa: buhu-buhu ga majema, kwano da gwangwani ga mata. Idan sanyi ya shigo kuma nakan taɓa ƙaro daga hannun mutanen Yobe. Shekara 19 ina wannan sana'a. Da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Har yau in ka dubi faratana za ka ga rinin bagaruwa bai fita ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ɗan yayana, wanda ke aji biyu a jami'a, ya shigo rumfa ya zauna kan buhu ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Baffa, ka kuwa san abin da kake sayar wa mutane?" Wani dogon jeri ne na sunayen itatuwa da rubutun boko, kowanne ya fara da Acacia, gabansa kuma an sa wasu haruffa. Ya ja da yatsa ya tsaya kan Acacia nilotica, ya ce wannan ita ce bagaruwa. Ya haura sama ya nuna mini Acacia albida, wai gawo. Ya gangara ƙasa, Acacia senegal, wai dakwara mai ba da ƙaro. Gaban ukun duk an rubuta DMT. Ya ce wani sinadari ne da ke juya ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa ganin abin da babu, kuma dokar duniya ta sa shi a layi ɗaya da manyan ƙwayoyi.

A gabansa na ce ƙarya ne, amma da ya tafi jikina ya yi sanyi. Maiɗakina haihuwarta biyar, duk da ruwan bagaruwa ta yi jego. Mahaifiyata in basir ya taso mata ita take jiƙawa ta kurɓa. Ni da hannuna na sha auna wa masu goyo su kai wa yara masu zawo. Kuma tun muna islamiyya muka haddace hadisin nan da ke cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. In har akwai maye a ciki, ko ɗigo ne, to ina matsayin abin da na ci na ciyar da iyalina duk shekarun nan?

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, jiya Lahadi na je gonarmu ta gado na tarar an sassaƙe babban gawon da ke tsakiyarta. Sabon sara ne, tun daga gwiwata har ƙirji, faɗin tafin hannu biyu, jikin itacen fari sol yana tsattsafo da ruwa. Gawon nan kakana ma tarar da shi ya yi, kuma duk gonar babu inda gero ke kyau kamar ƙarƙashinsa. Zuciyata ta tafi kan yaron nan da abokansa, ko da yake ban ga kowa ba, ban kuma furta wa kowa ba.

Don Allah masu ilimi a taimaka mini. Abin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, na ajiye sana'ar ko yaya?

Maman Husna ta rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara rufin asiri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 14 a ɗakin haihuwa, kafin nan na yi kwanan aiki a ɗakin gaggawa. Ba a taɓa kawo mini mai jego ko yaro da ya fita hayyacinsa saboda bagaruwa ba, ko sau ɗaya.

Matsalar bagaruwa da nake gani da idona wata ce daban. Mace ta dafa ruwan ya yi kauri ya yi baƙi, ta zauna ciki da zafinsa safe da yamma alhali da ɗinki a jikinta, fatar wurin ta bushe ta tsattsage. Wata kuma garin take cusawa, ta dawo mana da ciwon da ya fi na farko. Mai jegon da ta zubar da jini in ta mayar da shan bagaruwa kullum, baurin nan yana hana hanji tsotsar sinadarin da ke ƙara jini, sai ka ga ana ba ta ƙwayar ƙarin jini amma tafin hannunta bai daina fari ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na yara. A ɗura wa yaro mai zawo, zawon ya lafa, uwa ta ɗauka ya warke, alhali ruwan jikinsa ya riga ya ƙare, maɗigarsa ta faɗa. Ruwan gishiri da sukari yake buƙata, da asibiti in ya ƙi.

In maye a tsiro ake nema a ƙasar nan, zaƙami ne. Na ga samarin da aka kawo bayan an zuba musu shi a kunun biki: ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe ƙayau, jiki zafi rau, suna cafkar iska, ɗaya ko mahaifiyarsa bai gane ba har kwana biyu. Shi kam a ja wa yara kunne a kansa.

Malamin Harhaɗa Magani ya rubuta:

Alhaji, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya. Na san irin jerin da yaron ya nuna maka, ɗalibaina sun sha kawo mini shi. Sinadarin gaskiya ne, itatuwan da ke ɗauke da shi da yawa ma gaskiya ne, sai dai ba su ne a buhunanka ba.

DMT yana cikin dangin sinadaran da muke kira alkaloyid. Tsirrai ke yin su, yawancinsu masu ɗaci, don kare kansu daga ƙwari da dabbobi. Kafeyin da ke cikin goro alkaloyid ne, nikotin na taba haka, kinin na zazzaɓi haka, haka ma atirofin da sikofolamin da ke cikin zaƙamin da Hajiya ta ambata. Ka ga dangi ɗaya, hali daban-daban. Shi kuwa abin da ke jeme fata a bagaruwa, wanda ya rina maka farata, tanin ne, kuma ba ya cikin wannan dangi sam. Aikinsa kama naman fata ya ɗaure shi, shi ya sa yake mayar da fata kirgi, shi ya sa kuma yake ɗaure baki da ciki.

Tushen ruɗanin a suna yake. Asalin sunan Acacia na bagaruwa ne, tun Girkawan da suka san ta a Masar suke kiranta akakiya. Daga baya masana tsirrai suka yi ta tara duk wani itace mai kama da ita a ƙarƙashin sunan, har suka haura dubu, kusan dubu ɗaya daga ciki a Ostireliya. Da aka zo binciken ƙwayar halitta sai ta bayyana ba zuriya ɗaya ba ce. A taron masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005 aka yanke cewa sunan zai zauna wa na Ostireliya, aka tabbatar da haka a Melbon a 2011, bayan masanan Afirka da dama sun yi ta ja. Yanzu bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara Senegalia senegal, gawo kuwa tun kafin nan an ware shi shi kaɗai a matsayin Faidherbia albida. Jerin da ke yawo a waya da tsohon suna yake tafiya, sai ya zuba bagaruwar Kano da itacen dutsen Ostireliya a kwando ɗaya.

Shi DMT, wani masani Richard Manske ne ya fara haɗa shi a ɗakin gwaji a Kanada a 1931, ba tare da an san yana taɓa ƙwaƙwalwa ba. Sai a 1956 wani likita ɗan Hangari, Stephen Szára, ya nuna abin da yake yi wa mutum. A 1971 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan magungunan da ke juya hankali ta sa shi a rukuni na farko, wato mafi tsanani. A nan yaron bai yi ƙarya ba.

A Ostireliya kuma, hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CSIRO, ta ɗauki shekaru tana bin tsirran daji ɗaya bayan ɗaya tana neman alkaloyid da za a yi magani da su. A 1965 aka samu DMT a ɓawon Acacia maidenii, wajen kashi 0.36 cikin ɗari. A 1967 aka same shi a ganyen Acacia phlebophylla, wajen kashi 0.3. Akwai shi kuma a Acacia confusa ta Tayiwan. Waɗannan su ne na gaske, kuma ko ɗaya ba ya fitowa a dajinmu. Labarin phlebophylla ma abin tausayi ne. A duk duniya a Dutsen Buffalo kaɗai take fitowa, a jihar Biktoriya, cikin tsagar duwatsu. Tun da sunanta ya shiga irin wannan jeri masu neman maye suka riƙa hawa suna tsige ta, itacen da dama can bai da yawa. Da ka ambaci gawonka ita ta fara faɗo mini a rai.

To ina namu suka shigo? A 1975 wasu masana biyu, Wahba Khalil da Elkheir, suka gwada ganyen itatuwan ƙaya na arewacin Sudan. Sun samu ɗan ɓurɓushin DMT a ganyen dakwara, kashi 0.003 cikin ɗari, da ganyen ƙarƙara, kashi 0.004. Ka auna da 0.3 na Ostireliya, ninki ɗari ne tsakaninsu. Ka kuma auna da goron da kake ci, wanda kafeyin ɗinsa ya kai wajen kashi 2. Sun gwada bagaruwa da gawo ma, ba su samu ba. Amma da yake sunayensu suna cikin takardar, wani ya karanta sama-sama ya kwafe su duka a matsayin masu shi, wani ya kwafa daga wurinsa, har abin ya iso wayar ɗan yayanka. Kuskuren karatu ne da ya shekara da shekaru yana yawo.

Sannan ka lura, ganyen dakwara aka gwada, ba ƙaro ba. Ƙaro danƙo ne, dangin sukari, an yarda da shi a abinci a duniya da lambar E414, yana cikin lemon kwalba da alewa da ƙwayoyin magani. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye. Da yana sa maye da almajiran da ke haɗa tawada da shi suna shan rubutu sun daɗe da sani.

Akwai kuma wani abu a jikin ɗan Adam. A hanji da hanta akwai wani sinadarin narkarwa da ake kira MAO, wanda ke rusa DMT in an haɗiye shi tun kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ke nan ko da ɓurɓushin nan ya shiga cikin mutum ta jiƙo, a hanya zai ƙare.

Hukuncin shari'a na malamai ne, ka kai musu. Abin da zan ba ka ka tafi da shi shi ne wannan: hadisin ya yi magana kan abin da mai yawansa ke sa maye. Mai yawan bagaruwa ba ya sa maye. Ɗaure ciki yake yi, ya sa amai, ya wahalar da hanta in an zarce.

Ɗan Majemi ya rubuta:

Malam, Hajiya, Allah ya biya ku. Wallahi na karanta bayanin Malam sau uku, na uku a bayyane na karanta wa maƙwabcin rumfata. Maganar almajirai da tawada ta zauna mini, don ni kaina na sha rubutu ba adadi.

Saura abu ɗaya. Ina da awaki bakwai da tumaki huɗu a ƙauye, kuma da rani 'ya'yan gawon nan ne rabin abincinsu, yara ke kaɗo musu da gora. Bara wata tunkiya ta yi ta tangaɗi da yamma, kafin gari ya waye ta mutu, baki da kumfa. A lokacin mun ce ciwo ne. Yanzu da na ji dabbobi ake yi wa wannan ɗacin, sai nake tunanin ko gawon ne. Akwai wanda ya san harkar dabbobi a nan?

Likitan Bisashe, Maraɗi, ya rubuta:

Alhaji barka da war haka, gaisuwa daga Maraɗi. Aikina ke nan, duba bisashe, shekara ashirin da wani abu.

Kada ka ɗora wa gawo. Ɗiyan gawo abinci ne na ƙwarai, nan wurinmu a buhu ake saida su a kasuwa lokacin rani, masu kiwon turka suna rububinsu. Icce ne da ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi ganye da rani lokacin da babu ɗanyen haki ko'ina. Ba banza ba ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa doka mai tsanani kan duk wanda ya sare shi.

Abin da ka kwatanta, tangaɗi da yamma, kumfa, mutuwa kafin safe, ya fi kama da wata guba daban, wadda ke hana jiki amfani da iskar da jini ke kai masa. Makiyaya sun san ta a gyauron dawa, wanda ke kashe saniya cikin ɗan lokaci, mata kuma sun san ta a rogo mai ɗaci. Irin gubar nan tana cikin farar ƙaya, kuma ta fi tashi in an sare reshe ganyen ya yi yaushi a rana, dabba mai yunwa ta same shi ta cika ciki. Na taɓa zuwa wani garke da aka sassare musu farar ƙaya da hantsi, aka bar ta a ƙasa, aka sako tumaki da la'asar. Uku muka tarar kwance, da na duba dasashinsu ja wur, numfashi sama-sama. Ɗaya muka ceto. Ka tambayi yaran abin da tunkiyar ta ci ran nan, ko an yi sabon shinge, ko ta shiga gonar dawa da aka girbe ta sake tohowa.

Amma tambayarka tana da tushe, don akwai inda alkaloyid na irin waɗannan itatuwa ke kayar da bisashe, sai dai a Amurka ne. A kudancin Teksas da arewacin Meziko akwai wata ƙaya da suke kira gwahiyo, wadda a tsohon suna ita ce Acacia berlandieri. A shekarar ruwa abinci ce mai kyau. In fari ya yi tsawo, awaki da tumaki suka yi wata da watanni ba su da abin ci sai ita, sai ƙafafun baya su saki. Dabba tana ci, idonta garau, amma in ta tashi tafiya gindinta ya riƙa kaɗawa, in aka kore ta ta faɗi. A 1956 masana biyu a Teksas, Camp da Lyman, suka ware sinadarin da ake dangantawa da wannan daga ganyenta, dangin fenetilamin ne. Ka ga bambancin da taka tunkiyar: wancan a hankali yake zuwa cikin watanni, ba dare ɗaya ba. A Ostireliya kuma akwai Acacia georginae, da ke kashe shanu a yankin Kwinsland da wata guba ta uku daban. Suna ɗaya, guba kala-kala.

Bari in ƙara maka da abin da ke gabanmu a nan. Ainihin Acacia na Ostireliya akwai su a ƙasar Maraɗi, an kawo su don tare iska da itacen wuta, wadda aka fi sani ita ce Acacia colei. Ma'aikatan mishan na SIM, cikinsu har da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, su suka yaɗa cin ɗiyanta a ƙauyuka, don mutanen asali na can ƙasar sun daɗe suna ci. Ana soyawa a niƙa a gauraya da garin hatsi, a yi tuwo ko fanke. Kafin a saki abin sai da aka gwada a jami'ar Ile-Ife, aka kuma gwada da mutanen da suka yarda a nan Maraɗi. Abin da masana suka sa wa ido a ciki ba maye ba ne, wasu sinadarai ne da ke cikin ɗiyan waɗanda ka iya cutarwa in sun yi yawa, shi ya sa aka ce kada garin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za a tuƙa. Na ci tuwonta a gidajen makiyaya ba sau ɗaya ba, na hau babur na dawo gida lafiya lau.

Gawonka kuma, in saran bai zagaye gindin ba zai rayu. Abincin icce ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in aka yanke shi zobe guda shi ke nan. Ka kare gefen da ya rage, ka yi masa shinge. Ni zatona masu sassaƙen magani ne, don ana neman ɓawon gawo saboda tari.

Malamin Harhaɗa Magani ya rubuta:

Likita ya kawo Teksas, to bari in ɗora, don can ne aka yi abin da ya fi kusa da shafar aljihun mutanenmu. A 1997 da 1998 wasu masana a can suka wallafa cewa sun ga amfetamin da metamfetamin, har da meskalin, a gwahiyo da 'yar'uwarta Acacia rigidula. Babu wanda ya sake samun haka bayansu. Amma 'yan kasuwa suka riƙe maganar, aka fara sayar da ƙwayoyin rage ƙiba da ƙarin kuzari da sunan Acacia rigidula a jikin kwalba, wai daga tsiro ne. Masanan hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, suka gwada iri 21, suka samu wani sinadari ɗan'uwan amfetamin mai suna BMPEA a guda 9, suka kuma gwada itacen kansa ba su same shi ba. Wato a masana'anta aka haɗa shi aka zuba, aka fake da sunan itace. A 2015 wani likitan Harvard, Pieter Cohen, ya sake gwadawa ya same shi a 11 cikin 21, a shekarar ne hukumar ta aika wa kamfanoni takardun gargaɗi. Duk wanda ke sayen maganin rage tumbi ta intanet saboda an rubuta "na tsiro ne zalla", ya tuna da wannan.

Ga ɗan yayanka kuma, Alhaji, ka gaya masa da bakin malami: inda ake samun mummunan labari shi ne wurin masu haɗe-haɗe don su karya garkuwar nan ta hanji da na ambata. Duk abin da ya danne MAO, in ya haɗu da tiramadol ko magungunan ciwon damuwa, yana iya kawo zazzaɓi mai tsanani, sanƙarewar jiki, farfaɗiya, har rasa rai. Kuma ka san yadda tiramadol ya yi yawa a hannun samarinmu. Ba don ina zarginsa ba, yaro ne mai karatu da ya ga abu ya kawo wa baffansa, wannan alama ce mai kyau. Abokan da zai tura wa jerin nake jiye wa tsoro.

Ɗan Majemi ya rubuta:

Jama'a na dawo da bayani. Shekaranjiya na koma ƙauye. Yaron da ke kiwon awakina ya ce shi ya ga mai saran: wani dattijo ne a kan keke, da gatari da buhu, ya ce maganin tari zai haɗa wa jikarsa. Na yi istigfari kan zaton da na yi wa ɗan yayana. Da daddare na kira shi na gaya masa abin da ya ɗarsu a raina, na nemi ya yafe mini. Ya yi shiru, sannan ya ce shi tsoro ne ya kama shi kada wata rana hukuma ta zo rumfata. Na ba shi wayata ya karanta duk abin da kuka rubuta, ya ce zai tura wa 'yan ajinsu, har da gargaɗin Malam na ƙarshe.

Likita, ka yi gaskiya. Na tambaya, ashe a makon da tunkiyar ta mutu maƙwabcinmu ya yi sabon shinge da farar ƙaya, ta kwana biyu tana cin ganyen da ya yi yaushi ta gefenmu.

Na kuma kai wa limaminmu maganar bayan asuba, da bayanin Malam kamar yadda yake. Ya ce in ci gaba da sana'ata. Sai dai maganar Hajiya ce ta sauya mini yadda nake awo. Jiya wata yarinya ta zo da goyo, ta ce a ba ta ta naira ɗari biyu, yaron ke zawo tun daren jiya. Na ce ta sauko da shi. Idanunsa sun zurma, leɓensa a bushe. Ban auna mata ba. Na rufe rumfa na raka ta kemis aka ba ta garin gishiri da sukari, mai kemis ya ce ta wuce asibiti, na tare mata a-daidaita-sahu na biya.

Gawon saran bai zagaye ba, gefe ɗaya kawai na gindin ya ci. Na yi masa shinge, amma da busasshiyar ƙayar magarya, ba farar ƙaya ba, saboda awaki. Likita, in ganye ya fito masa sosai bayan kaka zan ɗauko hoto in sa a nan ka duba mini gefen da aka sara.